Haɗin Shan Biki na Tsibiran Karibiyan: Tambayoyi da Amsoshi kan Fancin Giyar Rake da Wanda Ba Giya a Cikinsa

Shekara shida na yi a kudancin Landan, ƙofata tana kallon ta wata dattijuwa 'yar asalin Jamaika, kuma a kicin ɗinta na fara ganin yadda mutanen tsibiran Karibiyan ke haɗa abin shansu na biki. Da na dawo gida na kama sana'ar haɗa lemun biki da na suna, sai tambayoyi suka yi ta zuwa, daga yara masu shirin tafiya karatu waje, da masu aikin otal, da iyayen biki masu son a yi musu "irin jan nan da ake gani a waya". Ga waɗanda aka fi maimaita mini. Ni Musulma ce, ba na shan giya, ba na kuma haɗa wa kowa ita. Amma awon wannan haɗin ilimi ne, wanda ya san shi zai iya kare kansa a wurin taro, zai kuma iya haɗa nasa na halal ya yi daɗin da ba a saba ji ba.

Anti, wai mene ne wannan haɗin, daga ina ya fito?

Turawa suna rubuta sunansa punch, a bakinmu fanci ya fi sauƙin faɗa. Abin sha ne da ake haɗawa da yawa a babban kwano ko bokiti, a ajiye ludayi, kowa ya zo ya ɗiba. Asalinsa ba daga Karibiyan ba ne. 'Yan kasuwa da ma'aikatan jiragen ruwan Ingila masu zuwa Indiya ne suka yaɗa shi, kuma an ga kalmar a rubuce cikin Turanci tun 1632. Da yawa suna danganta sunan da kalmar da ke nufin biyar a harshen Hindi, don kayan haɗin biyar ne: barasa, suga, lemun tsami, ruwa da kayan ƙamshi.

Da al'adar ta isa tsibiran da ake noman rake, sai ta tarar da komai a ƙofar gida. Ga suga, ga lemun tsami, ga abarba, ga giyar da ake yi da ragowar suga. Shi ya sa yau in an ce fanci, Barbados da Jamaika da Tirinidad da Girenada ne ke fara zuwa a rai. Suna sha a bikin aure, da Kirsimeti, da bikin gama yankan rake na Barbados wanda ake rufewa ranar Litinin ta farko a watan Agusta, har da bikin titi na Notting Hill da jikokinsu ke yi a Landan ƙarshen Agusta.

Ita giyar raken fa, da me ake yin ta?

Wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila a Maƙarfi ya riga ya ga rabin aikin. Ana matse rake, a zuba ruwan a babbar tukunya, a yi ta wuta har ya yi kauri. Mu a nan muke tsayawa, a zuba a mazubi ya daskare da komai nasa a ciki. A masana'antar suga kuwa, ana raba ƙwayoyin sugan daban, sai a bar wani baƙin maɗi mai danƙo wanda ya ƙi daskarewa. Wannan maɗin ne ake sirkawa da ruwa, a sa masa yis, a bar shi ya tashi, sugan da ya rage ya juye barasa. Daga nan a dafa shi a tukunyar tagulla mai rufi, tururin ya bi bututu ya huce ya riƙa ɗiga. Abin da ya ɗiga shi ne abin da ake rubuta wa rum a jikin kwalba.

Fari tas take fitowa. Launin ƙasa-ƙasa da ake gani daga zama a gangar katako yake zuwa, wani lokaci kuma ƙonannen suga ake ɗiga mata. A tsibirin Matinik, wanda ke ƙarƙashin Faransa, da ɗanyen ruwan rake suke yin tasu, ba da maɗi ba.

Wata takarda ta 1651 daga Barbados ta ambaci giyar rake da laƙabin da ke nufin "kashe shaiɗan", saboda zafinta. Kamfanin Mount Gay na tsibirin yana lissafin shekarunsa daga 1703, Appleton na Jamaika kuma daga 1749. Sojojin ruwan Ingila sun daɗe ana ba su rabonsu kullum, a 1740 aka ba da umarnin a riƙa sirka musu da ruwa, ba a kuma daina rabon ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970.

Na ji ana cewa tarihinta na da alaƙa da cinikin bayi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ba na son a wuce wurin nan da sauri. Kolombos ne ya kai rake Karibiyan a tafiyarsa ta biyu, a 1493. Turawan Ingila sun zauna a Barbados a 1627, cikin shekarun 1640 suka mayar da tsibirin gonar rake, suka ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniyawa a 1655 suka yi mata haka. Noman rake aiki ne mai cin rai: sara cikin rana, matsa da dare, tsayuwa a bakin tukunya mai tafasa. Mutanen da aka kamo daga Afirka ta Yamma ne suka yi shi, ba lada ba tausayi. Abin takaicin shi ne giyar da aka yi da guminsu ita aka riƙa lodawa a jirgi a kawo gaɓar tekun Afirka a sayi wasu bayin da ita. Dokar soke bauta a yankunan Ingila ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 1834, cikakken 'yanci bai samu ba sai 1838.

Mu ma abin bai bar mu ba. An kai Hausawa Bahiya ta ƙasar Barazil, yankin noman rake, kuma tarihi ya rubuta yunƙurin tawayen da suka shirya a can a 1807.

Maƙwabciyata ta san wannan tarihin sarai. Ta ce kakanninta ne suka sare raken, don haka abin da ya fito daga cikinsa nasu ne kafin ya zama na kowa.

Mece ce ƙa'idar "ɗaya, biyu, uku, huɗu" da ake ta faɗa?

Nan ne zuciyar maganar. Mutanen Barbados suna da wata 'yar waƙar baka da kowa ya haddace, ma'anarta: ɗaya na tsami, biyu na zaƙi, uku na ƙarfi, huɗu na rauni. Tsami shi ne ruwan lemun tsami da aka matse a ranar. Zaƙi shi ne ruwan suga, suga kofi ɗaya ruwa kofi ɗaya a narkar a wuta. Ƙarfi ita ce giyar. Rauni kuwa ruwa ne ko ƙanƙara, a Jamaika kuma ruwan abarba da na lemun zaƙi suke sawa a wurin. Daga ƙarshe sai ɗigon wani ruwa mai ɗaci, a goga gyaɗar ƙamshi a sama. Jan launin daga sirof ɗin rumman ko na wani ɗan itace mai ja yake zuwa.

Kyawun ƙa'idar shi ne ba ruwanta da sikeli. Da ƙaramin kofi za ki auna ko da kwanon sha ko da bokiti, awon ɗaya ne. Ranar farko da na ga tsohuwar nan tana haɗawa, da wani tsohon kofin shayi mai tsagaggen baki take awo. Ta murza kowane lemun tsami a kan tebur da tafin hannu kafin ta yanka, ta matse, ta tsince 'ya'yan da cokali. Ta ɗebo mini ruwan kafin ta zuba nata ƙarfin, ta ce, "'Yata, ɗanɗana nan. In tsami da zaƙi ba su daidaita yanzu ba, ba abin da za a zuba daga baya ya gyara su." Har yau wannan maganar nake bi a sana'ata. Yawancin lemun bikin da ke gundurar mutane bayan kurɓa uku, suga ne ya yi musu yawa ba tsamin da zai riƙe shi.

Ƙarfinsa ya kai yaya? Me ya sa ake cewa yana yaudara?

Mu yi lissafi. Ɗaya da biyu da uku da huɗu goma ke nan, uku a ciki giya ce. Giyar rake ta kasuwa yawanci kashi 40 cikin 100 nata barasa ce zalla, don haka haɗin gaba ɗaya yana fitowa kashi 12 cikin 100. Giyar kwalba da aka sani, wato biya, kusan kashi 5 ce. Kofi ɗaya na fanci mai cin mililita 250 yana ɗauke da barasa zalla mililita 30, daidai da babbar kwalbar giya mai mililita 600. Mutanen Jamaika kuma sun fi son farar giyarsu ta Wray & Nephew, wadda take kashi 63. In da ita aka haɗa, fancin ya doshi kashi 19.

Yaudarar a nan take: suga da abarba da sanyi suna rufe zafin barasar, sai ya wuce maƙogwaro kamar lemo. Mutum yana cikin rana da ƙishirwa, ya shanye kofi uku cikin rabin awa, alhali jiki yana buƙatar kusan awa guda kafin ya sarrafa mililita 10 kacal. Kofi ɗaya aikin awa uku ne ga hanta. Hukumomin lafiya na Ingila sun ce kada mai sha ya wuce mililita 140 na barasa zalla a mako, kofi biyar na fancin nan ya riga ya wuce wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta faɗa a farkon 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya.

Zan tafi karatu Ingila. Ta yaya zan gane in an sa giya a abin sha a wurin taro?

Ƙanena, kada ka dogara da ido, kada ma ka dogara da hanci. Ni kaina an taɓa miƙo mini kofi a liyafar wurin aiki, ja mai kyau da yankan abarba a bakinsa, ba abin da na ji sai ƙamshin 'ya'yan itace. Wata abokiyar aiki ce ta riƙe mini hannu. Tun daga ranar, duk abin da ke cikin kwano mai ludayi sai na tambayi wanda ya haɗa shi da kansa, ba wanda ke rabawa ba. Tambayar ba abin kunya ba ce a can, da yawansu ma ba sa sha, ko don tuƙi ko don lafiya.

A gidajen mutanen Karibiyan sau da yawa kwano biyu ake ajiyewa, na manya da na yara, launinsu ɗaya. Ka lura da ludayin, don in dare ya yi ana musanya su ba a sani ba. Mafi kwanciyar hankali ka ɗauki kwalba ko gwangwani ka buɗe da hannunka, kada kuma ka ajiye kofinka ka tafi ka dawo ka ci gaba da sha.

In ka ga wani ya sha ya fita hayyacinsa, ko da ba addininku ɗaya ba, rai ne. Ka kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada a bar shi shi kaɗai wai ya yi barci ya warware, kada a ɗura masa kofi mai zafi ko a watsa masa ruwan sanyi. In numfashinsa ya ragu ko ya ƙi farkawa, a Ingila 999 ake kira.

Da gaske ne suna shan zoɓo a Jamaika?

Ƙwarai kuwa. Ranar da na shiga kicin ɗin maƙwabciyata cikin Disamba na ga tukunya cike da jan ruwa da citta tana yawo a sama, sai da ƙwalla ta cika mini ido, don ƙamshin gidanmu ne sak. Su sorrel suke ce masa, kuma abin shan Kirsimeti ne, saboda lokacin ne yake nuna a can. Tsiron ɗaya ne da namu, wanda Sanigal ke kira bisap, Gana sobolo, Sudan da Masar karkade. Mutanen Meziko ma sunan Jamaika suka laƙaba masa, kuma zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina, mai yawa daga cikin wanda ake fitarwa waje Meziko yake tafiya.

Yadda suke yi ya ɗan bambanta da namu. Ba sa barinsa ya yi ta tafasa. Sukan zuba tafasasshen ruwa a kan zoɓon da dakakkiyar ɗanyar citta da kanumfari da ɓawon lemun zaƙi, su rufe ya kwana, da safe a tace a sa suga. Launin ya fi fitowa jajir, ɗacin kuma ya ragu. Na ɗauki wannan dabarar, ban sake komawa tsohuwar ba. Sai dai a sani, manyansu suna zuba masa giya, don haka zoɓon gidan ɗan Jamaika ma sai an tambaya.

In an dafa giya ba ta fita ba ne? An ce ana sawa a kek.

Ba ta fita duka. Awon da ma'aikatar noma ta Amurka ta wallafa ya nuna bayan minti 15 a wuta kusan kashi 40 na barasar yana nan, sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. Baƙin kek ɗin Karibiyan ma abin ya wuce nan, domin busassun 'ya'yan itacen ciki watanni suke yi a jiƙe cikin giya, bayan an gasa kuma a sake yayyafa masa. Ƙananan kwalaben ƙamshin kek masu ɗanɗanon rum su ma a duba bayansu, da yawa a cikin barasa aka narkar da ƙamshin.

To Chapman da muke sha a gidajen biki fa?

Wannan tambayar tana da muhimmanci. Chapman ɗan Najeriya ne, amma ɗan uwan fanci ne na kusa: lemun kwalba, jan sirof, lemun tsami, kokwamba da ƙanƙara. Abin lura shi ne ɗigon ɗacin da ake sa masa, daga 'yar kwalbar nan mai takardar da ta fi ta tsawo, Angostura. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, shi ya haɗa shi a 1824 a wani gari na Benezuwela mai wannan sunan, daga baya aikin ya koma Tirinidad. Barasar cikinsa kashi 44.7 ce, an rubuta a jikin kwalbar. Ɗigo kaɗan ake sawa, gaskiya ne, amma mun san hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Hukuncin dalla-dalla na malamai ne. Ni dai ba na sawa, kuma in kin je otal ki ce a haɗa miki ba ɗigon ɗaci. Ɓawon lemun zaƙi da aka tafasa da kanumfari yana ba da ɗacin da ake nema.

Hajiya, to ki koya mana yadda za a haɗa ba giya, ya kuma yi daɗi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire giyar kawai a bar sauran. Abin da zai rage ruwan suga ne mai launi. Sai ki tambayi kanki, wane aiki wancan kashi ukun yake yi a baki? Yana kawo zafi a maƙogwaro, da ɗan ɗaci, da ƙamshin ƙonannen suga. Duk ukun muna da su a kasuwa: citta ta ba da zafi, baƙin shayi ya ba da ɗaci, mazarƙwaila ta ba da ƙamshin, tunda ita da giyar raken uwarsu ɗaya. Ba zan ce miki ɗanɗanon ɗaya ne ba, tsohuwar da ta san duka biyun ta ce sun bambanta. Amma ta ƙara kofi na biyu.

Ga awon lita 10, kofi 40 ke nan.

Fara da ƙarfin, don shi ke buƙatar hucewa. Ki samu ɗanyar citta kamar giram 300, ki kankare ki daka, ki zuba a ruwa lita uku da rabi tare da kanumfari 15 da sandar kirfa uku. Ya tafasa minti 20. Ki sauke, sannan ki jefa ƙullin baƙin shayi 12, minti biyar kawai ki tsame su. In suka wuce haka shayin zai yi bauri ya kama harshe. Ki tace, zai ba ki wajen lita uku.

Zaƙin kuma, mazarƙwaila kilo ɗaya a ruwa lita ɗaya, wuta kaɗan-kaɗan har ta narke. Ki tace da farin ƙyalle mai tsabta, domin ba a rasa ɗan yashi da ɓurɓushin rake a cikinta. Zai fito kusan lita ɗaya da rabi, kuma ya isa. Na rage daga biyun ƙa'ida da gangan, tunda ba barasar da sugan zai rufe, abarba kuma tana zuwa da nata zaƙin.

Tsami lita ɗaya. Ƙananan lemun tsaminmu ba su da ruwa sosai, ki sayi 60 ko fiye. Kada ki matse har ɓawon ya fashe, ɗacinsa ba na daɗi ba ne.

Raunin: ruwan abarba lita biyu, na lemun zaƙi lita ɗaya, ruwan sanyi lita ɗaya. Launi kuma, zoɓo mai kauri rabin lita wanda ya kwana a jiƙe.

Wajen haɗawa, tsami da zaƙi za ki fara gauraya ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji tsamin ya fara zuwa, zaƙin ya biyo baya ya kwantar da shi. Sai ƙarfin, sai raunin, zoɓo a ƙarshe kaɗan-kaɗan har launin ya yi miki. Zoɓo yana da nasa tsamin, don haka ki ajiye ɗan ruwan mazarƙwaila a gefe na gyara. A roba mai kyau ko kwanon silba mara tsatsa za ki haɗa. Tukunyar dalma ba ta jituwa da tsami, tana ɓata launi ta sa ɗanɗanon ƙarfe.

Yaya zan yi da ƙanƙara don kada ya salance?

Babban dunƙule ɗaya ya fi ƙanana ɗari, don a hankali yake narkewa. Ki daskarar da ruwa a robar lita biyu kwana biyu kafin biki. In za ki sa ƙanƙara a ciki, ki cire litar ruwan nan daga awo, ita ce za ta maye gurbinsa. Ƙanƙarar da aka saya a bakin titi ba ki san ruwanta ba, a kewaye jarka da ita a cikin kula, kada ta shiga abin sha.

Zan iya haɗawa tun daren jajibiri?

Ruwan citta da shayi, da ruwan mazarƙwaila, da zoɓo, duk za su iya kwana in akwai sanyi. Abarba da lemo kuwa sai ranar.

Da hasara na koyi wannan. Wani biki cikin watan Afrilu na haɗa jarka uku tun dare, na dogara da wuta da alkawarin mai kawo ƙanƙara. Wuta ta ɗauke, ƙanƙara ba ta zo ba. Da hantsi na tarar jarkokin sun kumbura, na murɗa murfin ɗaya ya yi tsit da iska, kumfa ta taso, warin tsami ya bugi hancina. Yis ɗin da ke jikin ɓawon abarba ne ya samu suga da zafi ya kama aiki, wato hanyar da ake bi a yi giya ke nan, ta fara da kanta a ɗakina. Mutanen Meziko da gangan suke barin ɓawon abarba da suga kwana biyu zuwa uku don ya tashi haka. Na tuntsurar da jarkokin uku a kwata, na kira uwar amarya na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan ba baƙinki abin da ni ba zan sha ba." Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, yi abin da ya sawwaƙa." Zoɓo da citta zalla muka yi da safen nan, aka sha aka tashi lafiya.

Alamun uku ne: kumfa mai tasowa da kanta, jarka mai kumburi, da ɗanɗano mai tsinkar harshe. In kin ga ɗaya, zubarwa za ki yi.

Wanda ake yi fari da kwakwa fa?

Wannan na tsibirin Fwato Riko ne, sun ayyana shi abin shan ƙasarsu a 1978. Abarba ce da madarar kwakwa mai kauri da giya da niƙaƙƙiyar ƙanƙara. Shi ya fi sauƙin yi ba giya: abarba kofi biyu, madarar kwakwa kofi ɗaya, ɗan lemun tsami, ƙanƙara, a markaɗa a sha nan take. Kada a sa madarar shanu a ɗanyar abarba a ajiye, tana tsinkewa ta yi ɗaci.

Masu ciwon suga da hawan jini da masu juna biyu za su iya sha?

Kilo guda na mazarƙwaila a kofi 40 yana nufin giram 25 a kowane kofi, kafin a lissafa zaƙin abarba da lemo. Mazarƙwaila suga ce, kada launinta ya sa a ɗauka magani ce. Ina ware wa dattawa jug guda kafin in zuba zaƙin, in sa musu ɗan kaɗan. Zoɓo yana saukar da hawan jini, don haka mai shan maganinsa kada ya cika, mai juna biyu kuma ta tambayi likitarta. Yara ƙanana a rage musu citta da shayi, a ƙara abarba.

Dole ne sai an sa gyaɗar ƙamshi?

A Karibiyan in babu ita ba su ɗauka haɗin ya cika ba. Asalinta daga tsibiran Banda na Indunusiya ne, amma Girenada ta rungume ta har ta sa hotonta a tutar ƙasa, kuma guguwar Ivan da ta kakkarya bishiyoyinta a 2004 ta girgiza arzikin tsibirin. Aikinta a hanci yake, kafin ruwan ya taɓa harshe ƙamshin ya riga ya iso. Don haka ba a cikin bokiti ake zuba ta ba. Ki riƙe ƙwayar da ƙaramar magogi, ki goga sau biyu a saman kowane kofi lokacin miƙawa. Garin da ya daɗe a leda ƙamshinsa ya gudu.

Kada a wuce haka, domin mai yawanta tana juya kai tana sa amai, shi ya sa malamai suka yi magana a kanta, wasu suka hana, wasu suka yarda da ɗan abin da ake sawa don ƙamshi. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta goga kirfa a wurinta, ko ta murɗa ɓawon lemun zaƙi a bakin kofin har man ya fantsama a saman ruwan.